Akwati, Gida da Filin Ƙwallo: Wa Zai Ba Mu Shawara a Kan Kuɗi?

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatanmu na raya karkara ya gabatar a taron wakilan ikkilisiyoyin ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, gab da kaka. Mun buga shi domin a karanta wa waɗanda ba su sami zuwa ba.

  Mun san akwai waɗanda suka bar aiki a gona suka zo. Akwai kuma waɗanda suka biya kuɗin babur ninki biyu domin sun kauce wa hanyar da ba ta da lafiya. Allah ya saka muku da alheri.

Kaka ta ƙarato. A cikin wata biyu ko uku ne manomi yake ganin kuɗin da zai yi shekara da su. A cikin waɗannan watanni kuma mai bin bashi yake sallama, ɗan kasuwa yake sallama, mai aurar da 'ya yake sallama, haka ma wanda ya ce zai ninka maka kuɗinka. Kafin Kirsimeti ta wuce, gidaje da yawa sun koma inda suke a watan Yuli. To, idan mutum ya riƙe kuɗin wakensa a hannu bai san abin da ya fi ba, wa zai tambaya?

A Abuja da Legas akwai mutanen da sana'arsu ke nan. Suna da ofis, suna da lasisi, attajirai suna biyansu domin su gaya musu inda za su sa dukiyarsu. Irin waɗannan ba za su zo ƙauyukanmu ba, domin abin da muke da shi bai kai kuɗin man motarsu ba. Saboda haka dole mu tayar da namu daga cikinmu. Yau za mu yi magana a kan irin mutumin da ya dace da wannan aiki, da wurare uku da ake gwada shi: gaban akwati, cikin gidansa, da filin ƙwallo.

Abin da matan Maraɗi suka fara

Idan ka tashi daga Dutsin-Ma ka bi ta Kurfi zuwa Katsina, ka wuce Jibiya ka tsallaka iyaka, za ka isa Maraɗi. A can ne a 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wani aiki da matan ƙauye, tare da wata ma'aikaciyarta 'yar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes. Sunan aikin na Hausa ne: Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Adashin da suka gada daga iyayensu aka ɗauka aka yi wa gyara.

Kowa a nan ya san adashi. Ana zubi, mutum ɗaya ya kwashe, a juya har kowa ya samu. Amfaninsa a fili yake, amma yana da rauni biyu. Na farko, ranar kwasarki ba lalle ta dace da ranar bukatarki ba. Na biyu, dukan kuɗin suna bi ta hannun uwar adashi ita kaɗai. A tsarin matan Maraɗi, kuɗin suna taruwa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Mutum uku daban suke riƙe da makullai, ta huɗu take ajiye akwatin, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai bukata tana karɓar rance ta biya da ɗan ƙari, ƙarin kuwa yana komawa cikin akwatin. Akwai kuma asusun taimako a gefe domin rashin lafiya, gobara ko rasuwa. Bayan wata tara zuwa shekara sai a fasa, kowace ta ɗauki abin da ta zuba tare da rabonta na riba.

Wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashen Afirka da yawa da ma wajen Afirka. Ƙungiyar Oxfam ta yi irinta a Mali, hukumar agaji ta Katolika, wato CRS, ita ma tana da nata tsarin. A Nijar wasu daga cikin matan da suka koyi magana a gaban akwati sun tsaya zaɓe sun zama kansiloli.

Abin da ya fi shafarmu yau shi ne yadda aikin ya ci gaba bayan ma'aikatan agaji sun tafi. Sun horar da mutanen gari, ana kiransu wakilan ƙauye, su ne suke kafa sababbin ƙungiyoyi suna koya musu lissafi, ƙungiyoyin kuma suna ba su ɗan lada daga aljihunsu. Wannan wakili shi ne mai ba da shawara a kan kuɗi na talaka.

Ɗan'uwan da ake kira Akawu

Muna da irin wannan mutum a cikinmu. Ya roƙe mu kada mu faɗi sunansa, amma ya yarda mu ba da labarinsa, har da wuraren da ba su da daɗin ji. Manya suna kiransa Akawu, yara suna kiransa Koci.

Ya yi difloma a fannin akanta, ya sami aiki a wani bankin al'umma. Tsofaffinmu za su tuna an fara kafa irin waɗannan bankuna a 1990, zamanin Janar Babangida. A ƙarshen 2005 Babban Bankin Nijeriya ya fito da sabon tsari, ya ce su ƙara jari su koma ƙananan bankunan ba da rance. Wasu sun iya, wasu ba su iya ba. Bankin da ɗan'uwanmu yake aiki yana cikin waɗanda suka rufe. Ya gaya mana abin da bai taɓa mantawa ba shi ne wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da ta zo da littafin ajiyarta a ƙulle cikin gefen zane, ta miƙa masa, shi kuwa ba shi da ko sisi da zai ba ta. Shi ne ya lallashe ta ta buɗe asusun tun farko.

Ya koma gona da kunya. Shekaru da yawa ba ya yarda a yi maganar kuɗi da shi. Da muka fara kafa ƙungiyoyin asusu, sai da muka je gidansa sau uku kafin ya amince ya taimaka. Ya kuma kafa mana sharaɗi: ba zai riƙe makulli ba, ba zai riƙe akwati ba, kuma ba zai karɓi kuɗin kowa ya ajiye masa ba. Yau yana zagaya ƙungiyoyi shida a kan babur. Yana zama a baya ya saurari ƙirga, ya duba littafi, ya gyara inda aka yi kuskure. Bayan taro mutane suna jansa gefe da tambayoyinsu. Duk wanda ya zo da wata harka, tambaya uku yake yi masa. Daga ina ribar za ta fito? Idan abin ya lalace, me za ka rasa? Matarka, ko mijinki, ya sani?

Kuskuren da muka yi

Ba don wayonmu muka gane amfanin sharaɗinsa ba. Asara ce ta koya mana. A wani ƙauye mun kafa ƙungiya, aka zo zaɓen masu riƙe makullai, sai jama'a suka ce ai akwai dattijo wanda kowa ya amince da shi, raba makullai kamar zarginsa ne. Mu ma muka ji nauyi, muka yi shiru. Aka ba shi akwatin da makullan duka.

Ba ɓarawo ba ne. Ɗansa ya kwanta asibiti, ya buɗe akwatin da dare da niyyar zai mayar bayan ya sayar da gyaɗa. Gyaɗar ba ta yi ba. Ranar rabo aka buɗe, kusan rabin kuɗin babu. Ƙungiyar ta watse, mata biyu suka daina zuwa sujada, dattijon kuma ya yi shekara yana sunkuyar da kai. Laifin namu ne. Mun ɗora wa mutumin kirki jarabar da bai kamata a ɗora wa kowa ba. Tun daga ranar ba mu ƙara yarda a yi wa dokar kwaɗo uku sassauci saboda girman wani ba, ko fasto ne, ko mu kanmu.

Shawarwari huɗu kafin kuɗin kaka su shigo

Na ɗaya, falle. A watan Agusta rumbu ya ƙare, sai mutum ya karɓi kuɗi a kan zai biya da buhu idan an yi girbi. Bari mu yi misali. Ka karɓi N20,000, a Nuwamba ka ba da buhun da ya kai N35,000. Ka biya ƙarin N15,000 cikin wata uku, wato kashi 75 cikin 100. Maganin falle ana fara shi tun kaka. Ga wani misali: mutum 20, hannu ɗaya N500, kowa ya zuba hannu biyu a mako. Cikin mako 50 akwatin ya ga N1,000,000, kowa yana da N50,000 ban da riba. Idan kowa ya ƙara N100 na asusun taimako, wannan ma N100,000 ne. Wanda yake cikin irin wannan ƙungiya, idan Agusta ta zo, a wurin 'yan'uwansa zai ci bashi, ƙarin da ya biya kuma da shi za a raba.

Na biyu, masu ninka kuɗi. A Disamba 2016 tsarin MMM, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata, ya rufe asusun mutane. A Afrilu 2025 CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, shi ma ya rushe da dukiyar jama'a. Ku yi lissafin da kanku. Idan N10,000 za ta riƙa ninkuwa kowane wata, bayan wata 12 ta zama N40,960,000. Wace gona, wane kiwo, wane shago yake ba da haka? Kuɗin sababbin shiga ake ba na farko, ranar da sababbi suka ƙare kuma sai a rufe. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri mai tsawo ga masu shirya irin wannan, amma ɗaure su ba ya dawo da kuɗin akuyarki. Abin da ya fi ciwo, ba baƙo ne yake kawo mana shi ba. Ɗan'uwa ne na kusa, wanda shi ma an ruɗe shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na uku, banki. Ba mu ce a guje shi ba. Amma a tambaya ko yana da lasisin Babban Banki, kuma ko Hukumar Inshorar Ajiyar Banki, wato NDIC, ta tsaya masa. A 2024 hukumar ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya idan banki ya rushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankunan ba da rance. A watan Yuni na shekarar aka janye lasisin bankin Heritage, hukumar ta shiga biyan masu ajiya. Sunan da ke kan asusunka ya zama daidai da na katin shaidarka. Lambar sirri kuma ba a faɗa wa mai POS, ba a faɗa wa wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake.

Na huɗu, kada a tara komai wuri ɗaya. Mu mutanen wannan yanki mun gani da idonmu. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, sai a Disamba aka maido mana. Mai kuɗi a waya ya rasa yadda zai taɓa su. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira 200, 500 da 1,000, mai kuɗi a banki ya kwana a layi, mai tsofaffin kuɗi a tukunya ya shiga tashin hankali. Mai shanu kuwa ya san abin da ɓarayin daji suke yi a dare ɗaya. Saboda haka a raba: hatsi a rumbu, ɗan kiwo, zubi a ƙungiya, wani abu a banki. Wake yana ajiyuwa ba tare da magani ba a buhun PICS mai ninki uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a 2007. Amma a ajiye domin ci da iri tukuna. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, waɗanda suka ci bashi suka ɓoye masara don riba da yawa sun yi asara. Akwati ma kada a bar kuɗi masu yawa su kwana a ciki, kuma kada a yi maganar ranar rabo a kasuwa.

Gidan mai ba da shawara

Yanzu mu shiga cikin gida. Da Akawu ya yi shekara biyu yana wannan aiki, sunansa ya yi kyau a ko'ina. Wata rana muna shan ruwa a zaurensa, sai uwargidansa ta fito ta gaishe mu, ta ce, "Malam, don Allah ku tambayar mini Baban yara. Mutanen gari suna da akawu, yaran gari suna da koci. Mu a gidan nan wa muke da shi?"

Muka yi shiru, shi ma ya yi shiru. Ashe kwana shida a mako ba ya cin tuwon dare a gida. Ashe kuma kuɗin takin da suka tara tare, har da na man gyaɗar da take yi, ya ɗauka ya ranta wa wani danginsa bai gaya mata ba. Sai da damina ta faɗi ta ji. Mutumin da yake tambayar kowa ko matarsa ta sani, tasa matar ba ta sani ba.

Bai yi musu ba. Ya ce, "Maman yara, gaskiya ce, na yi laifi." Abin da suka shirya tun daga lokacin muna so kowane gida ya duba shi. Ranar Lahadi da yamma ba ya zuwa ko'ina. Suna zama su biyu da littafi, manyan yaransu suna ji. Idan an yi girbi, kafin a sayar da ko tiya ɗaya, sai su ƙirga buhunan su kasa su huɗu: na ci har wata kaka, na iri da taki, na makaranta, da na rashin lafiya. Abin da ya ragu shi ne na biki da sutura da taimakon dangi. Kuɗin sana'arta nata ne, ita take faɗin abin da za ta sa a gida. Babu wanda yake ba da rance ko ya ci bashi sai ɗayan ya sani. Ya rage ƙungiyoyin da yake zagayawa, ƙwallo kuma ya mayar da ita kwana biyu a mako.

Ba mu ce gidansu ya rabu da saɓani ba. Har yanzu akwai shekarar da kason makaranta ba ya isa. Amma yaran sun san dalilin da ya sa ba a saya musu abu ba, uwarsu kuma ba ta jin labarin kuɗin gidanta a bakin maƙwabta. Iyayenmu mata sun san gidaje nawa ne maigida ya rasu aka rasa inda ya ajiye, aka rasa wanda yake bi, sai masu binsa suka yi layi a ƙofa. Fastocinmu sun sha koya mana cewa kafin a ba mutum riƙon jama'a, gidansa ake fara dubawa. Idan za ku zaɓi mai ba ku shawara, ku aika mata biyu su gaisa da matarsa tukuna.

Filin ƙwallo

Wasu dattawa sun taɓa tambayarmu, me ya haɗa akawu da ƙwallo? Amsar ita ce, mun kira matasa taron koyon tanadi sau biyu, mutum huɗu suka zo. Akawu ya sayi ƙwallo ɗaya da usur, ya tsaya a filin makarantar firamare, yara fiye da talatin suka taru.

Ku duba abin da yake jiran yaro ɗan shekara goma sha biyar a ƙauyukanmu. Gonaki masu nisa ba sa nomuwa saboda tsoro. Makarantu sun sha rufewa, musamman bayan sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a Disamba 2020. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙwayar tiramol ba ta ɓace ba. Cacar ƙwallo ta shigo cikin waya, ba sai yaro ya je ko'ina ba. Akwai kuma masu ba yaro 'yan kuɗi domin ya faɗa musu wanda ya sayar da sa. Yaron da ba shi da abin yi da yamma, kuma babu babban da ya san inda yake, shi ne ake fara samu.

Ga yadda Koci yake tafiyar da filinsa. Atisaye Talata da Asabar, a tashi kafin rana ta faɗi domin kowa ya isa gida da haske. Ba a karɓar yaro sai da yardar iyayensa. Wanda bai je makaranta ko wurin koyon sana'a ba a makon, benci zai zauna. Kullum akwai wani babba na biyu a filin, koci ba ya keɓewa da yaro. Yaran maƙwabtanmu Musulmi suna cikin ƙungiyar, kyaftin ɗin ma ɗayansu ne, idan lokacin salla ya yi ana tsayawa.

Ƙungiyar tana da nata ɗan akwati. Kowane yaro yana kawo N50 ranar atisaye, wanda ba shi da ita ya share fili ko ya ɗebo ruwa. Yaran suka zaɓi ma'aji da magatakarda da masu makulli. Kowace Asabar ana karanta lissafi da ƙarfi kafin a buga ƙwallo. Da kuɗinsu suka sayi ƙwallo ta biyu, daga baya suka ɗinka riguna. Yaron da ya yi wata huɗu yana jiran riga ya koyi abin da ba a koya masa a allo ba.

Wata rana aka aiki ma'ajin, yaro ɗan shekara goma sha shida, da N4,000 ya sayo raga. Ya dawo hannu wofi ya ce sun faɗi. Da aka matsa, ya ce caca ya buga a waya, yana so ya ninka su ya ba kowa mamaki. Yaran suka ce a kore shi. Koci ya ce a'a, amma zai sauka daga ma'aji, zai faɗa wa mahaifinsa da bakinsa, kuma zai biya N200 kowane mako. Mako 20 ya yi yana biya da kuɗin ƙwadago. A ranar Koci ya zaunar da su ƙasa suka yi lissafi a kan yashi: wanda yake buga cacar N200 kullum, a shekara ya ba da N73,000. Ya ce su tambayi iyayensu mata awaki nawa ke nan. Ba dukansu suka daina ba, ba za mu yi muku ƙarya ba. Amma wancan yaron bai bar filin ba, yanzu kuma yana koyon walda a Dutsin-Ma.

Yana kuma gaya musu gaskiya a kan ƙwallon kanta. Dukansu suna so su zama Ahmed Musa, wanda ya tashi a Jos, ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018. Koci yakan ce musu, yara nawa ne suka buga ƙwallo tare da shi a unguwa? Ina suke yau? Ko shiga Katsina United a buga a filin wasa na Muhammadu Dikko, mutum ɗaya ne cikin dubbai. Saboda haka a buga da zuciya ɗaya, amma a riƙe karatu da sana'a. Duk wanda ya zo ya ce a sayar da gona a ba shi kuɗi zai kai yaro gwaji Turai, a yi masa tambayoyin nan uku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna da gibi a nan, kuma gara mu faɗa. Duk wannan na yara maza ne. 'Yan matanmu ba su da fili, ba su da akwati, su ne kuma za su riƙe gidaje gobe. Muna roƙon zumuntar mata ta ɗauki wannan magana.

Abin da muke roƙo

Akawu ya haura hamsin, gwiwarsa ta fara ciwo, kuma mutum ɗaya ba zai zagaya Dutsin-Ma da Kurfi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin godiyar kaka, muna roƙon kowace ikkilisiya ta yi abu uku.

1. Ta ba mu sunan mutum ɗaya, namiji ko mace, wanda ya iya karatu da lissafi, ba a san shi da bashin da ya ƙi biya ba, kuma iyalinsa sun yarda. Za mu horar da shi. Ba zai riƙe kuɗin kowa ba.

2. Ta ba mu sunan babba ɗaya da zai tsaya da yara maza kwana biyu a mako, da mace ɗaya da za ta tsaya da 'yan mata. Ba sai sun iya ƙwallo ba. Su zama masu zuwa a kan lokaci, waɗanda iyaye suka amince da su.

3. Kowane maigida ya zauna da matarsa su ƙirga buhuna kafin a kai ko ɗaya kasuwa.

Ba mu da kuɗin da za mu zuba muku a akwati, kuma ko muna da su ba za mu zuba ba, domin mun ga kuɗin da aka ce na agaji ne ba a cika mayar da su ba. Abin da za mu kawo shi ne horo, littafin lissafi, da ziyara. Ƙungiyar da take da maƙwabta Musulmi a ciki, a zauna tare a shirya yadda za a yi rance ba tare da kuɗin ruwa ba, akwai hanyoyin yin haka kuma za mu nuna muku.

Tambayoyin tattaunawa bayan sujada

Gidaje nawa ne a cikinmu suka ci falle a daminar bana, kuma nawa za su biya?

Idan maigida ya rasu yau, matarsa ta san abin da ya ajiye da abin da ake binsa?

Daga ƙarfe huɗu zuwa faɗuwar rana, ina yaranmu suke, kuma wane babba ne yake tare da su?

 Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya tsare hanyoyinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.